Daga Ikko Zuwa Illela: Tarihin Babbar Hanyar A1 da Cuɗanyar Harsunan Garuruwanta

1.0 Gabatarwa

Babbar hanyar tarayya da ake wa laƙabi da A1 ta taso ne daga Ikko, a bakin teku, ta ratsa jihohi 7, wato Legas da Ogun da Oyo da Kwara da Neja da Kebbi da Sakkwato, sannan ta dire a Illela, kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Tsawonta ya haura kilomita 1,000. Direban da ya ɗauko ta tun daga tushe zai bi ta Ikorodu da Shagamu da Badun da Oyo da Ogbomosho da Ilori, ya ƙetare Kogin Kwara a Jebba, ya wuce Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal da Boɗinga, ya shiga Sakkwato. Daga nan sai Kware da Gwadabawa da Illela, inda ake hangen Birnin Ƙonni.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin hanyar domin nuna cewa kwaltar da ake gani a yau shimfiɗa ce ta uku. Kafin ta an yi zamanin ayarin fatake, an kuma yi zamanin jirgin ƙasa, kuma kowane zamani ya bar sawunsa a bakin mutanen da ke zaune a gefen hanyar. Saboda haka duk mai nazarin aron kalmomi tsakanin Hausa da Yarabanci, ko mai nazarin halin da ƙananan harsunan yankin Kainji suke ciki, yana buƙatar sanin wannan tarihi.

2.0 Garuruwan Hanya da Ƙarni na 19

Idan aka dubi garuruwan da aka lissafa a sama, za a tarar mafi yawansu ko dai an kafa su a ƙarni na 19, ko kuma a cikinsa ne suka sami girman da aka san su da shi. Manyan al'amura biyu ne suka haddasa haka: jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, da kuma rushewar tsohuwar daular Oyo.

A ɓangaren arewa, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Shehu ya zauna a Sifawa, kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Kware ita ce mazaunin Malam Abdussalami, wanda ya yi wa Bello tawaye a 1817, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega bayan an yi sulhu. Tambuwal ta kasance a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu, Gwadabawa kuwa Muhammadu Maiturare ne ya kafa ta a matsayin ribaɗi, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Can kudu kuma, Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kwantagora a wajajen 1864. Hare-haren da shi da ɗansa Ibrahim suka riƙa kaiwa ƙasashen Kambari da Gwari sun watsa ƙauyuka masu yawa kafin Turawa su ci garin a 1901, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa tsakiyar hanyar ya daɗe da ƙarancin jama'a. Yawuri tsohuwar masarauta ce, domin tana cikin jerin Banza Bakwai, amma ita ma sai a ƙarshen wannan ƙarni ne fadarta ta tabbata a Yelwa.

A ɓangaren kudu, tawayen Afonja na 1817 da shigowar Shehu Alimi cikin al'amarin su suka kai ga kafuwar masarautar Ilori a ƙarƙashin Abdussalami ɗan Alimi, wadda ta yi mubaya'a ga Gwandu. Da tsohon birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, ya watse a shekarun 1830, sai jama'arsa suka kwarara kudu. Alafin Atiba ya kafa sabuwar Oyo a inda take a yau, Ogbomosho ta cika da 'yan gudun hijira, Badun kuwa, wadda ta fara a matsayin sansanin mayaƙa a wajajen 1829, ta zama gagarumin birni, har ta tare rundunar Ilori a Oshogbo a wajajen 1840. Shagamu ma haɗakar garuruwan Remo ce da suka dunƙule wuri guda a 1872 domin tsaro. Ke nan yaƙi ne ya dasa akasarin garuruwan, ciniki kuma ya haɗa su.

3.0 Zamanin Ayari

Tun kafin a san mota, fatake suna bin wannan shiyya da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, ana sauka zango-zango, ana biyan kuɗin fito a bakin kogi da garama a ƙofar gari. Babban abin nema shi ne goro. Kamar yadda Paul Lovejoy ya yi bayani a littafinsa na 1980, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goron Gwanja, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsu takan bi ta Jega da Yawuri, ta ƙetare Kwara, ta ratsa Borgu zuwa Salaga, a ƙasar Gana ta yau. Wannan ne ya ɗaukaka kasuwar Jega har ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato.

Wani reshen kuma yakan nufi kudu, a yi fito a Rabba, kusa da Mokwa, a shiga Ilori. Daga arewa ana kai kanwa da dawaki da shanu da fatu da riguna da kuma bayi, a komo da wuri da gishiri da kayan Turai. Ba za a iya tsallake zancen bayi ba, domin kuwa da yawa daga cikin Hausawan farko da suka zauna ƙasar Yarabawa ba da son ransu suka je ba. Su ne suka amsa kiran Afonja a 1817, kuma daga cikin irinsu da suka tsere zuwa Ikko ne John Glover ya haɗa ƙaramar rundunar Hausawa a 1863, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. A Ilori, Balogun Gambari yana cikin manyan baloguna 4 na masarautar, unguwarsa kuma ita ce masaukin Hausawa da Nufawa da Barebari.

Tafiyar ba ta da sauƙi. Hugh Clapperton ya tashi daga Badagry a watan Disamba na 1825, ya bi ta Katunga da Busa da Kano, bai isa Sakkwato ba sai a watan Oktoba na 1826, a can kuma ya mutu a 1827. Yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa, musamman wanda aka gwabza daga 1877 zuwa 1893, sun sha toshe hanya, Ijebu kuma ta hana baƙi ratsa ƙasarta zuwa Ikko har sai da Turawa suka ci ta da yaƙi a 1892. Fatake dai sun riƙe karin maganar nan da ke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara.

4.0 Zamanin Dogo

Turawan mulkin mallaka sun fi ba da ƙarfi ga jirgin ƙasa. Dogon da aka faro daga Ikko ya isa Badun a 1901, Ilori a 1908, Jebba a 1909. A 1912 aka fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, ana ƙetarar da taragai a jirgin ruwa a Jebba, har zuwa lokacin da aka kammala gadar a 1915. Jebba ɗin nan ita ce hedkwatar Lugard ta farko, daga 1900 zuwa 1902, kafin ya koma Zungeru.

Abin lura a nan shi ne garuruwan da dogo ya kauce wa. Daga Ikko ya bi ta Abeokuta, ya bar Shagamu. Daga Badun ya karkata ta Oshogbo da Offa, ya bar Oyo da Ogbomosho. Bayan Mokwa ya nufi Zungeru da Minna da Kaduna, ya bar Kwantagora da Yawuri da Jega. Sakkwato kuwa jirgi bai taɓa isa gare ta ba, iyakar reshen da ya taso daga Zariya ita ce Ƙauran Namoda, a 1929. Sakamakon haka ciniki ya koma Kano, kasuwar Jega ta ja baya, kuma hanyar Gwanja, wadda dama ta raunana tun yaƙin basasar Salaga na 1892, ta ƙarasa mutuwa.

A daidai wannan lokaci ne manoman Agege da Ota, daga baya kuma na Shagamu, suka rungumi noman irin goron Gwanja, sai fataken goro suka juyo ƙasar Yarabawa. An keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo a 1916. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969, ya nuna yadda cinikin goro da na shanu ya dogara ga tsarin mai gida da dillali. Mai gida shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya da kuɗi, ya kuma tsaya masa a kan bashi. Saniyar da aka koro daga arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda sammore, dole a sayar da ita da wuri, sau da yawa bashi, ga mahautan da mai ita bai sani ba. Goro ma ɗanyen kaya ne, huhun da ya yi jinkiri a hanya asara ce. Irin wannan ciniki sai da amana, harshe ɗaya da addini ɗaya kuwa su ne jinginar amanar. Wannan ne ya sa Hausa ta zauna daram a Sabo, ba ta narke cikin Yarabanci ba.

5.0 Zamanin Kwalta

Hanyar mota ta fara ne a matsayin mai yi wa dogo hidima. Titin Badun zuwa Oyo, wanda aka buɗe a 1906, kuma ake ɗaukarsa titin mota na farko a Nijeriya, an yi shi ne domin kawo amfanin gona tashar jirgi. A yau wani yanki ne na A1. Sannu a hankali aka riƙa sada irin waɗannan guntayen hanyoyi, har a shekarun 1920 gwamnati ta tsara manyan hanyoyin da za su haɗa hedkwatocin larduna. Waɗanda aka sa wa harafin A su ne na gwamnatin tsakiya. Da aka gama ɗinke A1, sai ga shi ta bi ta ainihin garuruwan da jirgi ya bari, tun daga Shagamu har Sakkwato. Wato mota ta maido da tsohuwar hanyar ayari.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuɗin man fetur ya ba gwamnati damar gina hanyoyi, harkar jirgin ƙasa kuma ta shiga taɓarɓarewa, sai kaya suka koma kan tirela da tanka. A watan Afrilu na 1972 aka yi canjin hannu, tuƙi ya koma dama kamar yadda ake yi a Nijar da Dahomey, abin da ya sauƙaƙa wa direbobin Illela da Ƙonni. A 1978 aka buɗe tagwayen hanyar Ikko zuwa Badun mai tsawon kimanin kilomita 127, mai lamba E1, wadda ta ɗauke wa tsohuwar hanyar Ikorodu yawancin motoci. An ba da aikin tagwaita sashen Badun zuwa Ilori a 2001, kashi uku, amma kashin Oyo zuwa Ogbomosho ya ɗauki shekaru masu yawa ana jan ƙafa. Bayan Mokwa hanya takan rabu, wani reshe ya nufi Tegina da Birnin Gwari da Kaduna, don haka gadar Jebba ta zama mashigar kayan Kano da na Sakkwato baki ɗaya.

Kayan da ke bin hanyar a yau sun haɗa da albasar Aliero da ta Galmi, da shanu da raguna daga kasuwar Illela, da tumatir da tattasai da wake da busasshen kifin Yawuri, ana sauke su a Bodija da Shasha da Mile 12 da mayankar Agege. Masu komawa arewa kuma sukan ɗauko man fetur da kayan tashar jiragen ruwa ta Apapa da manja da katako da goro.

6.0 Sawun Hanya a Harshe

Sunayen wurare su ne shaida ta farko. Bahaushe yana cewa Ikko da Badun da Ilori, sunayen da ya tanƙwara tun zamanin fatauci. A ɗaya ɓangaren, Sabo ta fito daga Sabon Gari, unguwannin Sango na Badun da Ilori kuma daga zango, ba su da dangantaka da Ṣango, abin bautar nan. Kasuwar dabbobi da ke bakin tagwayen hanya, a mashigar Ikko, Kara ake ce mata. Ita kanta kalmar Yoruba, a matsayin sunan al'umma, ta daɗe a bakin Hausawa da alƙalamin malaman arewa, domin Muhammadu Bello ya ambace ta a Infakul Maisuri, kafin Samuel Ajayi Crowther ya yi amfani da ita a littafin kalmominsa na 1843.

Kalmomin da Yarabanci ya ara sun fi karkata ga addini da sarauta da kasuwa. Ga misalai:

sarki > seriki
magaji > mọgaji
liman > lemọmu
albasa > alubọsa
albarka > alubarika
wahala > wahala
goro > goro

Za a lura cewa Yarabanci yakan saƙa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, yakan kuma mayar da /z/ ta koma /s/. Sai dai wajibi ne a yi hattara da kalmomin da asalinsu Larabci ne, domin Stefan Reichmuth ya nuna cewa wasunsu ta hanyar Songhai da Dandanci suka shiga Yarabanci, tun kafin ƙarni na 19. Ba kowace kalmar da ta yi kama da Hausa ce ta bi ta Jebba ba.

Abin da Hausa ta aro kuwa ya fi shafar kayan zamani da abinci da sutura:

apoti > akwati
paanu > kwano
patako > katako
gbanjo > gwanjo
iṣana > ashana
akọwe > akawu
kẹkẹ > keke
ẹgusi > agushi
gele > gyale

Harafin p na rubutun Yarabanci sautin /kp/ ne, kuma da yake Hausa ba ta da /kp/ da /gb/, sai ta musanya su da /kw/ ko /k/ da kuma /gw/. Musanyar takan juya idan aron ya fito daga arewa, shi ya sa goron Gwanja ya zama gbanja a bakin Bayarabe. Irin su ashana da akawu da keke sun nuna cewa kayan Turawa da yawa ta hannun Yarabawa suka iso arewa a zamanin dogo. Zamanin kwalta kuma ya kawo nasa daga Ingilishi, kamar direba da kwandasta da fasinja da lodi da birki da taya da gareji da kamasho, ga kuma oga da anko da suka biyo ta Yarabanci.

To amma hanyar ba ta Hausa da Yarabanci ce kaɗai ba. Tsakanin Jebba da Mokwa ƙasar Nufawa ce. Daga Kwantagora zuwa Koko akwai harsunan Kambari da Dukanci da Reshe, wato harshen Gungawa, da Lopa, dukkansu daga rukunin Kainji, sai kuma Shanga, wanda ɗan rukunin Mande ne. Gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar kogi, aka sake musu matsuguni, da yawa kusa da hanya da kasuwa. A tasha da kasuwa da makaranta Hausa ake yi, kuma yaron da ya tashi a bakin titi da ita yake fara cinikinsa. Shangawa da yawa sun riga sun koma Hausa ɗungurungum. Daga Jega zuwa Illela kuma karin harshen yamma ne ke mulki, inda ake jin munka zo da yat tahi da hwara, har a tsallaka Ƙonni ba a ji wani canji ba, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ta raba masu magana da kari ɗaya ne.

7.0 Idan Hanya Ta Yanke

Ba a cika sanin darajar hanyar ba sai ranar da ta yanke. A watan Yuli na 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu a lokacin bikin Oro, aka yi asarar rayuka, aka kuma yi ramuwar gayya a Kano bayan da motoci suka isa da gawawwaki da waɗanda suka tsira. A watan Fabrairu na 2021 aka yi irinsa a kasuwar Shasha ta Badun, har ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu, aka riƙa tare motoci a Jebba. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya tashi a Ikko, a arewa kuma kayan gwari suka yi kwantai a hannun manoma. Kowane ɓangare ya ɗanɗana asara kafin a janye matakin a farkon watan Maris.

Ruwa ma ya sha yanke ta. A daminar 2017 gadar Tatabu, tsakanin Jebba da Mokwa, ta karye. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa, ta kashe fiye da mutum 150, ta share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta kuma katse hanya. A can ƙarshen arewa, an rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A 2024 ne kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabuwar hanya daga Illela zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi hanyar A1 tun daga zamanin madugu zuwa na direban tirela. An ga cewa yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ne suka dasa yawancin garuruwanta, dogo ya kauce wa da yawa daga cikinsu, mota kuma ta sake ɗinke su. An kuma ga cewa kalmomin aro tsakanin Hausa da Yarabanci suna ɗauke da alamar zamanin da suka shigo. Tarihin Jega ya nuna abin da kan sami gari idan ciniki ya sauya hanya, don haka idan sabuwar hanyar Badagry ta tabbata, wasu zangunan na yau za su ja baya, wasu sababbi su taso, tare da irin cuɗanyar harshen da ke biyo baya. Hausar Sabo da ta Shagamu, da Yarabancin 'yan kasuwar Kwantagora da Sakkwato, da zaurancen tashoshin mota, duk fagage ne da ke jiran mai nazari. Mafi gaggawa shi ne harsunan da ke tsakanin Kwantagora da Koko, waɗanda ya kamata a naɗi maganar dattawansu tun suna raye.